Saƙon Mama ga Auta

Kowa a unguwar Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalmi da wani kantin magani, da kekuna biyu da teburin yanka mai gajeriyar ƙafa wadda sai an cusa mata tsumma take daidaita. A coci ita ce ke wanke ƙananan kofunan Jibin Ubangiji duk ƙarshen wata, ta kuma goge farin zanen da ake rufe tebur da shi. In aka zo maganar riƙon iyaye da ita ake misali, domin shekara biyu cur ta yi tana jinyar mahaifiyarta, tun daga ranar da ɓarin jikin tsohuwar ya shanye har ranar da aka ɗauke ta. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta abinci da cokali, ita ke sauya shimfiɗa sau uku a yini. Duk wannan gaskiya ne, babu ƙari a ciki. Amma akwai wata Talata da babu wanda ya san labarinta sai ita.

Su biyu Mama ta haifa suka rayu, Yaya da ƙaninta Auta. Shekara goma sha ɗaya ke tsakaninsu, a bayanta ya girma. Mai walda ne, hannunsa na da kyau, amma tun yana saurayi giya ta kama shi. Wata rana Mama ta tsinci kwalbarsa a bayan tukunyar ruwa, ta tsiyayar a rariya a gaban idonsa. Ya kai hannu zai ƙwace, ya ture ta, ta faɗi a kan dakali ta karye a wuyan hannu. Kafin a kwance ɗaurin ya bar garin. Daga baya labari ya zo cewa ya daina sha, yana aiki a wani gari, har ya aiko da lambar wayarsa ta hannun wani direba. Amma bai zo ba, bai kuma kira ba, ko da ya ji Mama ta kwanta. Kunya ce ta ɗaure shi, Yaya ma ta san haka.

A waccan Talatar da hantsi, Yaya ta gama yi wa Mama wanka, ta ɗauki bokitin zannuwan da suka ɓaci za ta fita, sai tsohuwar ta kira ta. Harshenta ya yi nauyi a lokacin, sai an sunkuya ake jin abin da take faɗa.

"Ki kira mini Auta," in ji ta. "Ki ce masa hannun nan ya warke tuntuni. Ya zo in gan shi."

Yaya ta tsaya da bokitin a hannu, bayanta na mata ciwo. Mama takan yi mata sannu, takan sa mata albarka, amma ba ta taɓa kiran sunanta da irin muryar da ta kira na Auta ba. Ta fita tsakar gida, ta ajiye bokitin, ta ciro waya ta nemo lambar. Ta daɗe tana kallonta. Ta hango shi ya shigo da hawayensa, Mama ta rungume shi da hannun da ke motsi, maƙwabta suna ta cewa ɗa ya dawo, ita kuwa tana bayan gida tana cuɗa zannuwa. Ta mayar da wayar aljihu, ta ce wa kanta sai da yamma. Da ta koma ɗaki ta tarar da idon Mama a kan ƙofa.

"Na kira shi," ta ce. "Ya ce aiki ya yi masa yawa, sai ya samu sarari."

Mama ta ce to. Ta nemi a juya ta ta fuskanci bango. Yamma ta yi Yaya ba ta kira ba, Laraba ma haka, domin yanzu in ya zo ƙaryar za ta fito. Tana tsammanin akwai sauran lokaci da za ta gyara abin. Ranar Asabar Mama ta cika.

Auta ya zo jana'iza. Bayan an dawo daga maƙabarta, ana ta tattara kujerun da aka aro, ya same ta a bayan gida ya tambaye ta a hankali ko Mama ta ambace shi kafin ta tafi. Ba ta shirya amsa ba, amsar ce kawai ta fito. Ta ce ba ta ambace shi ba. Ya gyaɗa kai, ya ce ai abin da ya dace da shi ke nan, ya koma ya ci gaba da ɗaukar kujeru.

Shekara bakwai suka wuce. Auta ya dawo garin, ya buɗe wurin walda a bayan tashar mota, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu. Babu wanda yake girmamawa kamar yayarsa. Shi ya yi mata ƙofar ƙarfe a shago, ya ƙi yarda ta ko yi masa godiya, yana cewa ita ta ɗauki kayan da ya kamata su ɗauka su biyu. Yana zuwa coci, amma a bencin baya yake zama, in kuma aka fara raba gurasar Jibin Ubangiji sai ya sulale waje ya tsaya kusa da babura. Fasto ya yi masa magana ba sau ɗaya ba. Auta ya ce ya sani Allah mai gafara ne, amma mutumin da uwarsa ta mutu ba ta son ko furta sunansa, gara ya san matsayinsa. Yaya tana benci na biyu, tana karɓar kofin da ta wanke da hannunta, tana sha.

Ba wai ba ta roƙi gafara ba. Ta roƙa a tsaye, ta roƙa a durƙushe, ta yi azumi har mijinta, tsohon direba mai yawan barkwanci, ya ce in ta ci gaba haka iskar fanka ma za ta ɗauke ta. Ta ɗinka wa mawaƙan coci riguna kyauta. Duk yadin da ya burge ta sai ta yanka wa 'ya'yan Auta. Mijin yakan ce wannan mata so take ta shiga Mulkin Sama da kekenta a ka. Takan yi dariya. Amma duk addu'ar da ta yi, in ta tashi sai ta ji abin yana nan inda ta bar shi.

Sai muryarta ta fara dushewa. Da farko ta ɗauka mura ce, ko ƙurar yadi. Wata safiya tana ɗaura ɗankwali a gaban madubin shago ta ga wani ɗan kumburi a gefen maƙogwaronta. Likita ya taɓa, ya sa aka ɗauki hoto, ya ciri ɗan abu da allura ya ce za a auna, ta dawo bayan sati uku. A hanyar gida, cikin motar haya, tunani ɗaya ne ya cika mata kai. Duk faɗin jikinta, sai maƙogwaro, wurin da maganganun nan biyu suka fito.

Lahadin da ta biyo baya Fasto ya yi wa'azi a kan ranar shari'a. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya dukan tebur. Ya ce a ranar babu wanda za a tambayi abin da mutane ke faɗa a kansa, za a juya kowa ne kamar riga a duba ɗinkin ciki. Ya ƙara da cewa in ba su gane ba su tambayi Yaya, ita ta san inda teloli ke ɓoye aika-aikarsu. Coci ya ɗauki dariya, mutane suna waiwayenta cikin ƙauna. Ta yi murmushi, gumi na bin bayanta. Ta san Auta ma yana can baya yana dariya.

Ranar Laraba da safe ta rufe shago ta tafi ofishin Fasto. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan coci, da fanka mai ƙara da tarin kujerun roba a kusurwa. Ta zauna ta faɗa masa komai, da dusasshiyar muryarta, ba ta rage ba. Ya cire tabarau ya ajiye. Ta nuna wuyanta ta tambaye shi ko hukuncin ne ya iso.

Ya ce bai sani ba, shi ba magatakardan Allah ba ne. Ya binne mutanen kirki da irin wannan ciwon, ya kuma ga miyagu sun kai shekara casa'in da haƙoransu. Maganar kumburi ta bar wa likita. Ya ce gafarar da take nema an riga an saye ta a kan gicciye, ba rigunan mawaƙa ne za su ƙara mata daraja ba.

"Amma ke kina roƙon gafarar abin da ya faru shekara bakwai da suka wuce," in ji shi. "Ni kuwa abin da nake gani, yau da safe ma kin yi shi. Duk ranar da yaron nan ya tashi da wannan maganar a ransa, ke kuma kina da gaskiyar a baki kin riƙe, kin sake yi masa ƙaryar ke nan."

Ta roƙe shi ya je ya faɗa wa Auta a madadinta. Ya ce a'a, saƙon Mama ita aka ba. In tana so zai raka ta. Ta ce za ta je ita kaɗai.

Da rana, suna cin abinci, ta faɗa wa mijinta. Ya ajiye cokali. Ya tuna ranar sarai, ya ce shi ne ma ya tambaye ta dalilin da Mama ta ƙi cin abincin yamma. Ta jira ya yi faɗa, ko ya kawo wata zolaya ta rage nauyin ɗakin. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tashi ya ɗauko makullin mota, ya ce zai kai ta bakin tasha ya jira ta a can.

Ta tarar da Auta a durƙushe a kan wata ƙofar gida da yake haɗawa, baƙin tabarau a fuska, tartsatsi na tashi. Da ya gan ta ya kashe janareta, ya jawo benci ya goge shi da gefen rigarsa, ya fara tambayarta jiki da abin da likita ya ce. Ta ce ba wannan ya kawo ta ba, ya zauna. Ta ce masa abin da ta faɗa masa ranar jana'iza ƙarya ne. Mama ta ambace shi. Kwana huɗu kafin ta rasu ta ba da saƙo a kira shi, ita ce ba ta kira ba.

Ya cire tabarau ɗin. Inda ya rufe ne kaɗai ba baƙi a fuskarsa. Ya ce ta faɗa masa abin da Mama ta ce, yadda ta faɗe shi, kada ta gyara. Ta faɗa. Ya ce ta sake. Da ta zo wurin hannun da ya warke tuntuni, sai wata irin dariya ta kubce masa, ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na rawa. Ta zauna tana kallonsa. A ranta ta fara fatan a tsaya a nan, domin saura rabin da ya fi muni, wanda ko a mota ta yi ta roƙon kada ya tambaya.

Ya ɗago. "To da ban zo ba, me kika ce mata?"

Ta kalli ƙasa, inda guntayen ƙarfe suka warwatsu. "Na ce na kira ka, ka ce aiki ya yi maka yawa."

"Wato ta tafi tana ganin ta kira ni na ƙi zuwa."

"E."

"Tafiyar awa huɗu ce, Yaya," ya ce. "Da ko a ƙafa ne na taho."

Ta zame daga benci za ta durƙusa. Ya ce ta tashi, akwai ƙarafa a ƙasa, kuma mutane na kallo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ta tafi gida. Ta miƙe, ta ce ba ta da abin kare kanta, gajiya ce da baƙin ciki da kishin ɗan'uwanta, kuma babu ɗayansu da ya isa hujja. Tana kaiwa bakin hanya ta ji janareta ya tashi, amma da ta waiwaya yana tsaye ne kawai, hannu rabbana, bai ɗauki komai ba.

Daga ranar ya daina biyowa ta shago. In suka haɗu a ƙofar coci sai ya canza hanya. 'Ya'yansa ma aka daina aiko su. Matarsa ce ta zo wata rana da sunan za a rage mata siket, ta zauna a kan kujerar masu jira ta ce ita ba ta san yadda za ta kwatanta shi ba. Wata rana ya tashi yana waƙa yana wasa da yara kamar wanda aka sauke wa dutse, wata rana kuma ya yini bai ce wa kowa uffan ba. Ya je kabarin Mama sau uku, ya share ciyawa, ya yi masa ɗan shinge na ƙarfe. Ta kalli Yaya ta ce ita dai da ta so a ce ba a taɓa yin ƙaryar ba, amma tunda an yi, gara da aka faɗa. Ba ta ce ta yafe ba, Yaya ma ba ta tambaya ba.

Sakamakon gwaji ya fito. Likita ya ce kumburin ba ciwon daji ba ne, amma yana danne hanyar murya, sai an cire. Mijinta ya yi ta godiya ga Allah tun daga farfajiyar asibiti, har ya ce yanzu shi ne abin tausayi, tunda za a dawo mata da muryar faɗa. Ita kuwa ba ta ji sanyin da ta zata ba. Sai a lokacin ta gane ashe ta ɗan so a ce hukuncin ne, ta sha wahalarsa a wuce wurin, Auta ya ji tausayinta dole. Yanzu ga ta lafiya lau za ta rayu, ta riƙa haɗuwa da ƙaninta yana kau da kai.

A taron matan coci na wannan watan, wata mata da surukarta ke kwance ta tashi tana kuka, ta ce ita ta gaji, a yi mata addu'a ta samu ko rabin haƙurin Yaya. Yaya ta ji kamar ta nutse. Ta ɗaga hannu, ta ce kada kowa ya ƙara roƙon haƙuri irin nata, ta faɗa musu dalili a taƙaice. Wasu sun riƙe hannunta bayan an tashi. Wasu kuma daga ranar gaisuwarsu ta gajarce, biyu daga ciki suka kai ɗinkinsu wani wuri. Ba ta ga laifinsu ba.

Aka yi aikin, aka sallame ta bayan kwana uku, da sharaɗin kada ta yi magana har sati guda. Rana ta huɗu da la'asar tana zaune a baranda da bandeji a wuya, sai ta ji ƙarar babur a ƙofa. Auta ne, da ledar lemu a hannu. Ya gaida mijinta, wanda nan take ya tuna yana da aiki a cikin mota. Auta bai zauna kan kujera ba, ya zauna a matakala, ya ba ta gefe.

Ya ce ya ji an hana ta magana, shi ya sa ya zo yau, don ya faɗi nasa ba tare da an ba shi haƙuri ba. Ya ce kada ta ɗauka komai ya wuce. Fasto ya ce masa ya yafe, shi ma ya sani wanda aka yafe wa ture uwarsa ba shi da bakin riƙe wani. Yana ƙoƙari. Wata rana yakan kwanta ya yafe, gari ya waye abin ya dawo sabo. Ya ce kuma ya yi tunani, shekara biyu Mama na kwance, yana da lambar gidan, babu wanda ya riƙe masa hannu. Wannan nasa ne, ba zai ɗora mata ba.

"Abu ɗaya nake so," in ji shi. "In muryarki ta dawo, ki ba ni labarin shekara biyun nan. Me take ci, me take cewa, wa ke zuwa. Duka, ba zaɓe."

Ta gyaɗa kai, hawaye na sauka cikin bandejin. Ya ɓare lemu ɗaya, ya tuna ba ta iya haɗiya sosai, ya cinye abinsa, ya tafi.

Haka aka yi. Da muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa fiye da da, yakan zo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, su zauna a barandar. Ta ba shi labarin yadda Mama ke ɓoye ƙwayar magani a kumatu, da yadda take gyara wa mawaƙan rediyo waƙa da rabin bakinta, da ranar da ta kira likita ɗan banza shi kuma ya ɗauka albarka take sa masa. Ta kuma ba shi labarin ranakun da ita Yaya ta yi mata tsawa, da ranar da ta bar ta cikin jiƙaƙƙen zane har azahar don haushi. Wani lokaci su yi dariya, wani lokaci ya tashi ba sallama, sai wani satin.

Abin da Mama ta tafi da shi a ranta kuwa, babu wanda ya iya gyara shi a cikinsu. Auta ya taɓa cewa yana ganin inda take yanzu ta riga ta san gaskiya. Yaya ta ce ita ma haka take fata, tana kuma tsoron hakan. Har yau cikin addu'arta takan roƙi Ubangiji ya sanar da tsohuwar cewa ɗanta bai ƙi zuwa ba, sannan ta roƙa wa kanta jinƙai.